Goran da Ba Shi da Alama

Wanda ya baro Haɗejiya da rani ya nufi Baturiya, in ya wuce inda goruba ta yi yawa, zai hangi wani tudu a tsakiyar fadama da tsamiyoyi suka yi wa rumfa. In ya tambayi wanda ya dasa su, ce masa za a yi ba wanda ya dasa, bashi ne ya tsiro. Baƙo kan yi dariya ya ɗauka zolayarsa ake yi. To, a kan tudun nan ne 'Yar'azumi mai kunu ta yi cinikinta, tun zamanin da ake saye da sayarwa da kuɗin wuri, Nasara bai ko leƙo ƙasar ba.

A cikin birni aka haife ta, a watan azumi, shi ya sa sunan yankan ya ɓace wannan ya zauna. Uwarta Falmata mutuniyar gabas ce, danginta daga wajen Tafkin Chadi suka taso, kuma ita ta koya wa 'yarta damun kunun tsamiya irin wanda ba ya tsinkewa ko ya wuni. Da 'Yar'azumi ta isa aure aka ba wani masunci mai suna Mala, mutum mai sanyin hali wanda ya fi iya magana da kifi a kan mutane. Ita kuwa Allah ya ba ta baki, sai gidan ya daidaita.

Rayuwar masunci a ƙasar nan kogi ne ke juya ta. Da damina ya cika ya malale, fadama ta koma ruwa har iyakar gani, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Da kaka ruwa ya fara janyewa yana barin tafkuna, tarwaɗa da ƙarfasa su taru a ciki sun rasa hanyar komawa. Sarkin Ruwa na buɗe su, wato kamun kifin shekara, sai masunta su kwaso koma da manyan gorunan da suke kifawa a kai su yi iyo, su kafa bukkoki a tudu, su zauna har ruwa ya ƙafe. Inda maza suka taru ba mata kuwa, dole mai tukunya ta biyo baya. Haka 'Yar'azumi ta bi mijinta, ta kafa rumfar zana, kunu da safe, tuwo da miyar kifi da yamma.

Shekararta ta farko ta sha kashi. Masunci ba ya da wuri ko ɗaya sai fatake sun zo sayen bandar kifi a ƙarshen lokacin su, saboda haka duk cin da ake yi na bashi ne. Ita kuma ta amince da kanta, ta ce ai ba ta mantuwa. Ranar biya ta zo, ta ga ashe ba mantuwarta ba ce abin tsoro. Wanda ya sha kunu kullum ya rantse shi ba ya karyawa da safe, wanda ya fi kowa loma ya ce ai ɗanɗanawa kawai yake yi. Ciki dai ba ya shaidar abin da ya ci. Ta koma birni ko kuɗin geron da ta zuba ba ta mayar ba, Mala yana ba ta haƙuri, ita tana jin kamar ta shaƙe shi don haƙurin.

A gari, mai fura takan ja layi a bangon ɗaki ta san nawa take bi. A tudu ba bango, sai zana, zana kuwa ba ta riƙe zane. Tana cikin wannan tunani wata safiya tana tace tsamiya, ta dubi ƙwallayen da take zubarwa kullum a bayan rumfa, baƙaƙe, masu tauri, duk kusan girma ɗaya. Da lokacin su ya zagayo ta zo da ƙananan goruna a cikin buhun kaba, ta rataye su a jere a jikin rumfa, kowane mai ci da nasa. Ƙwaryar kunu ƙwallo ɗaya, akushin tuwo biyu, kuma a gaban idon mutum take jefawa, ya ji ƙarar faɗuwarsa da kunnensa. Kowane gora da alamarsa: wannan ƙayar tarwaɗa, wancan gashin tsuntsuwar dinya, wani guntun igiyar koma. Masunta suka yi ta tsiya, suna cewa yanzu kowa goruna biyu gare shi, babba da ke ɗauke da shi a ruwa, da ƙarami da ke nutsar da shi a tudu. Amma rantsuwa ta ƙare.

Ranar biya takan zazzage goran mutum a faifai, su ƙirga tare, ya biya da wuri ko da banda. Sai ta kwashi ƙwallayen ta watsa a bayan rumfa, ta sauke goran ta jefa a buhu, ba ya sake hawa sai mai shi ya dawo baɗi da ƙafarsa. Damina ta sauka a kan abin da ta watsa, akuya ta ci na ci, na tsira ya tsira. Tsamiyoyin tudun ke nan.

Abin da ya shigo hannunta kuma tukwane uku take raba shi. Ta farko uwar kuɗi ce, ta gero da tsamiya da itacen baɗi, ko ciwo take ba ta taɓa ta. Ta biyu ta Sarki ce. Ta uku ita ce ta ciki da sutura da biki, kuma ita ce kullum ta fi rama. Da Mala ya rasu, tukwanen nan uku su suka riƙe gidan, har ta aurar da 'ya'yanta mata biyu ba ta miƙa wa kowa hannu ba.

Tukunyar Sarki tana da labarinta. Masu abinci a tudu suna biyan kuɗin rumfa, wakilin Sarkin Kasuwa ke zuwa karɓa in su ya zo ƙarshe. A lokacin, wakilin wani siririn mutum ne mai suna Shu'ibu, mai doguwar sanda da gajeren haƙuri. Da can da girman tukunya yake yanke wa mace abin da za ta biya, don haka ranar zuwansa manyan tukwane kan shige cikin ciyawa, kowace ta fito da 'yar mitsitsiya tana kukan rashin ciniki. Yakan wuni yana musu da mata, wanda kuwa ya ce zai yi musu da matan tudu bai san ciwon kansa ba. Da ya ga gorunan 'Yar'azumi a jere, ya tsaya ya dube su, ya ce to ga abin da ba ya shiga ciyawa. Daga ranar ya mayar da kuɗin rumfa wuri ashirin a kan kowane gora. Sauran matan suka yi fushi da ita har suka daina aron ludayinta, daga baya kowace ta nemo gorunanta, don sun ga ko Sarki ya ci nasa, abin da ya rage ya fi na da. Ita dai kullum sai ta jefa wani abu a tukunyar Sarki, ta ce hakkin da aka tara da kaɗan-kaɗan ba ya zafi ranar bayarwa.

Doka ɗaya gare ta da kowa ya sani a tudun. Ba ta yafe wa mai rai. Mutum ya yi rashin sa'a a ruwa, ta ɗaga masa zuwa baɗi, ta adana goransa da toka a ciki don kada ƙwari su ci shaida, amma ba ta zubar da ƙwallo ɗaya. Takan ce yafe wa ƙato mai hannu da ƙafa raina shi ne, kuma in ta yafe wa ɗaya gobe kowa marar lafiya ne. Sai in mutum ya mutu. Ranar nan ko goransa ya cika har wuya, takan ɗauka ta watsa a bayan rumfa ba ta ƙirga ba. Har ya zama karin magana a tudun, in an ce an watsa goran wane, an san wane ya riga mu gidan gaskiya.

Cikin gorunan akwai ɗaya da ba shi da alama, a can ƙarshen jeri, daidai inda take zama. Na Bunu ne, ɗanta na fari.

Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san ba ƙaramin abu ba ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na tafasa. Ana yaye Bunu kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa wani ƙauye kusa da Kafin Hausa, can ya girma. 'Yar'azumi mai bakin da ba ya shiru, in aka zo zancensa sai ta ce “wannan yaron” ta kau da kai. Bayan rasuwar Mala ya zo tudu ya gaji koma da babban goran ubansa, saurayi dogo mai tafiyar uban sak. Washegari da safe ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da rumfa, kansa a ƙasa.

“Mai kunu, a ba ni na safe,” in ji shi.

Ba ta dube shi ba. Ta juya wajen Saude, mai ɗan wake da ke rumfar kusa, ƙawarta tun suna amare, ta ce ta tambayi wannan ko na hannu ne ko na bashi. Ya ce na bashi ne. Ta ɗauko sabon gora ta rataye, ta jefa ƙwallo. Saude ta tuna mata ba ta ɗaura alama ba, ta ce wannan ba ya bukata.

Mutane sun yi ta magana, wai wace irin uwa ce ke bin ɗan cikinta kuɗin kunu. Ba su gane ba. Da kyauta take ba shi, da an ce ba ta da kunya, shi ma da nauyi ya hana shi zuwa kullum. Amma mai ciniki yana da ikon zuwa safe da yamma, mai rumfa kuma tana da ikon duban fuskar mai cinikinta ta ga ko ya rame. Ƙwaryarsa takan cika har tana zuba, kan tarwaɗa mafi maiƙo yakan ɓuya a ƙarƙashin tuwonsa, amma ƙwallo ba ta taɓa rage masa ko ɗaya ba. Shi ma ranar biya yakan zo ya tsuguna su ƙirga tare a faifai, kawunansu kusa da juna, yana jayayya a kan ƙwallo ɗaya don kawai zaman ya daɗe. Duk shekara wannan ce ranar da ta fi so.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice da yaƙe-yaƙe, fatake suka ji tsoron hanya, banda ta taru a tudu ba mai saye. Wani falke mai suna Inuwa ya ce shi zai kai Kano, yana neman samari masu ƙarfi su raka jakuna. Bunu ya sa nasa kifin a cikin kayan. Ranar tafiya ya zo ya sha kunu a tsaye, abin da bai taɓa yi ba.

“Mai kunu, kada a sauke gorana. In na dawo na biya.”

“Gora ba ya gudu,” ta ce, idonta a kan tukunya. “Masu shi ne ke gudu.”

Ya yi dariya ya tafi. Ta so ta ce Allah ya kiyaye hanya, maganar ta zo har bakinta, ta ga mutane a wurin, ta haɗiye. Wannan haɗiyewar ta dame ta har ƙarshen ranta.

A dajin da ke gaban Jahun mahara suka faɗa wa ayarin. Inuwa ya dawo da ƙafa da sara a kafaɗa, wasu suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Wani ya ce ya ga Bunu ya yi gabas da gudu, wani ya ce kamar ya hango shi a ɗaure cikin waɗanda aka kora. Ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Aka jira damina ta wuce, aka jira wata. Matar da ya aura kafin tafiyar ta yi zaman da shari'a ta ce, alƙali ya sallame ta, ta yi wani aure, 'Yar'azumi da kanta ta kai mata gudummawar ƙwarya da faifai. Amma duk shekara in ta kafa rumfa, goran da ba alama shi take fara ratayewa, da ƙwallayensa yadda ya bar su.

Shu'ibu in ya zo yakan bi jerin da sandarsa yana taɓa kowane gora yana ƙirgawa. Shekarar farko ya taɓa na ƙarshen ya ƙirga har da shi. Da abin ya daɗe, wata shekara ya tsallake shi da gangan, ya faɗi adadi. Ta ce ya sake ƙirgawa, akwai saura.

“Iya, Sarki ba ya karɓar kuɗin wanda bai ci ba.”

“Ya ci, Wakili. Bai dai biya ba tukuna. Taɓa shi.”

Ya taɓa, ta ƙirga masa wuri ashirin. Haka suka yi ta yi har gemun Shu'ibu ya yi fari, sandar da yake nuna goruna da ita ta koma ta dogarawa. Saude ma ta gwada nata. Ta ce ita za ta biya wa yaron, a huta. 'Yar'azumi ta ce wanda ya ci shi ke biya. Saude ta san ba kuɗin ne ba. Goran da aka biya saukewa ake yi, ba ya komawa sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Muddin yana rataye, Bunu mai cin bashi ne da ya yi tafiya, kuma mai cin bashi ana sa ran ganinsa.

Tsamiyoyin farko sun daɗe suna 'ya'ya, har ta daina sayen tsamiya daga birni, lokacin da tudun ya sami sabon limami. Malam Zarami sunansa, ya yi karatu a gabas, mutum ne mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. A tsakiyar su na shekarar, wani tsohon masunci da ake kira Auta ya kwanta ciwon ciki, bai tashi ba. Limaman da suka gabata sukan aiko ne a tambayi masu rumfa ko mamaci na da bashi. Malam Zarami da kansa ya zo, da hantsi, an riga an yi wa gawa wanka tana jira. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin rumfa, ya ce yana so ya ji daga bakin mai hakki kafin ya tsaya a kan Auta.

Ta ce Allah gafarta Malam ai kowa ya san dokarta, ta miƙa hannu ta sauko da gora mai gashin dinya. Malam ya ce ya sani, amma ta faɗa da baki, ta kama sunansa. Ta ce ta yafe wa Auta duniya da lahira. Ya ce madalla. Sannan ya ƙara da cewa abin da ya sa yake takawa da kansa, ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya ko an yafe, kuma ba ya son ya rufe mutum da igiya a ƙafa.

Ya juya zai tafi, ta tsayar da shi. Muryarta ta yi ƙasa, har Saude ta ɗago kai.

“Allah gafarta Malam, wanda ya faɗi a inda ba a san shi ba fa? Ba wanda ya san ana binsa, balle a tambaya?”

Malam baƙo ne, bai san labarin ba, don haka bai sassauta ba. Ya ce Allah mai rahama ne, amma hakkin bawa sai bawa ya saki, ko a daji mutum ya faɗi ko a ɗakinsa. Ya tafi wajen jana'iza. Ta zagaya bayan rumfa ta watsa ƙwallayen Auta, ta dawo ta zauna a inda ta saba, goran da ba alama yana daidai kanta.

Tun ranar ba ta sake samun sukuni ba. Ita a ganinta riƙe masa wuri take yi. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa wataƙila shi take riƙewa. In yana raye a wata ƙasa, ko bawa ne ko ɗa, goran bai cuce shi da komai ba. In kuwa ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, to duk shekarun nan yana rataye, kuma ba wani azzalumi ya rataye shi ba, uwarsa ce, a kan kunu da tuwo. Ta yafe wa mashaya, ta yafe wa waɗanda suka zage ta, ta yafe wa Auta da bai taɓa biya a kan kari ba. Kunu ya fara tsinkewa a hannunta, abin da bai taɓa faruwa ba, masunta suna sha suna kallon juna.

Ta nemi hanyar tsakiya. Ta ce a ranta ai za ta iya yafewa a zuci ta bar goran a inda yake, wa zai sani? Ta kwana biyu a kan wannan, ta ga ba za ta iya ba. Tun ranar da ta fara rataye goruna ba ta taɓa barin ɗaya ya faɗi abin da ba shi ne ba, shi ya sa masunci da Wakili duk suka yarda da su. Gora da ƙwallo a ciki cewa yake ana bin mai shi. In ta yafe, dole ya zama wofi, in ya zama wofi dole ya sauka, kuma duk tudun sun san wanda take yafe wa.

Saude ta lura, ta sake kawo tayinta, wannan karon a hankali. Ta ce a bari ita ta biya, sai a ce biya aka yi, ba sai an ce komai ba. 'Yar'azumi ta girgiza kai.

“A'a, Saude. Ba za a ce sai da wata ta biya ni abin da ɗana ya ci ba.”

Saude ta ɗago ta dube ta. Tun suna amare ba ta taɓa jin kalmar “ɗana” a bakinta ba.

Ta bari har ruwa ya ja baya sosai, fatake suka zo, aka yi biya, jeri ya rage sai na waɗanda ba su gama haɗa kuɗinsu ba. Ranar wata Juma'a da safe, bayan an watse daga shan kunu, ta aika a roƙi Malam Zarami ya tako. Zuwa lokacin an ba shi labari, ya zo ya tsaya a bakin rumfa. Ta miƙe ta kwance goran. Igiyar ta daɗe har ta ci jikin itacen, sai da ta sa haƙori. Ba ta ɗauko faifai ba. Ta zagaya bayan rumfa, Malam da Saude suna biye, ta tsaya a inuwar tsamiyar da ta fi tsufa.

Ta ce ta yafe wa wannan yaron. Malam ya ce, a hankali, ta kama sunansa.

Ta buɗe baki ta rufe. Sunan da ta raɗa masa a zuci sau dubu, harshenta bai san hanyarsa ba. Tsohuwa mai jikoki, ta tsaya tana jin kunya kamar amarya.

“Bunu,” ta ce. “Bunu, na yafe maka. Abin da ka ci halal ne, duniya da lahira. Allah ya kiyaye hanya.”

Ta kifa goran. Toka ta fara fita, ƙwallayen suka biyo baya suka gangara cikin ganye. Ba su da yawa, ashe. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Saude tana share ido da bakin zane. 'Yar'azumi ta kakkaɓe goran, ta koma rumfa ta sa shi a buhu tare da sauran, ta hura wuta don tuwon yamma bai san an yi wani abu ba.

Kwana kaɗan bayan haka Shu'ibu ya iso a kan jaki, don ƙafa ta daina kai shi. Kamar kullum, ta fito da gorunan da aka riga aka sauke ta jera a tabarma don ya haɗa da na rataye, wannan ɗaya kawai ta bari a buhu. Ta kuma riga ta ƙirga kuɗin daga tukunyar Sarki ta tara a faifai. Ya bi na tabarma, ya bi na jeri yana taɓawa yana ƙirgawa a hankali. Da ya zo ƙarshe hannunsa ya kai sandar inda ya saba, ta bugi zana.

Ya tsaya da sandar a sama. Ya dubi guntun igiyar da ya rage a itacen, ya dubi 'Yar'azumi, ita tana kallon murhu. Ya tsuguna da ƙyar ya ƙirga abin da ke faifai, ya ga ta tara har da na goran, yadda hannunta ya saba. Ya ware wuri ashirin ya tura gabanta.

“Allah ya jiƙansa, Iya,” in ji shi.

Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata haka. Ta sa hannu ta tattara kuɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta.

“Amin,” ta ce.